Dambun da Hauwa take yi mana

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Sabo, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ɗambatta.

Matata Hauwa ta rasu bara da damina, ta bar mini yara uku. A wannan tsadar, abin da nake iya kawowa ranar kasuwa bai wuce masara da ɗan wake da manja ba. Amma Hauwa ba ta taɓa ba mu abinci iri ɗaya kwana biyu a jere ba. Da ta kwance ƙullin cefanen sai ta ce, "Malam, wannan zai kai mu wata kasuwar, in sha Allahu." Yau ta yi dambu da zogalen bayan ɗaki, gobe fate da yakuwa, jibi ɗanwake. Yaran ba su taɓa sanin muna cikin rashi ba.

Yanzu ni ke hura wuta, kuma tuwo miyar kuka kaɗai na iya. Shekaranjiya autarmu Zainabu ta ture kwano, ta ce, "Baba, yaushe za mu ci dambun Inna?" Na gwada, ya caɓe. Ta ɗanɗana, ta kwanta ba ta ci ba. Wallahi yarinyar nan har ta fara ramewa.

Iyayena mata, don Allah ku koya mini yadda ake turara dambu ya yi washar-washar, da yadda zan riƙa canza musu abinci da ɗan abin nan. Ku faɗa a hankali, rediyona yana nan kusa da murhu.