Taubashina Ya Daina Fitowa Ciyayya

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Wannan wasiƙa daga babban likitan ƙwaƙwalwa ne na Gaya da Ajingi baki ɗaya.

Na ji baƙonku yana cewa masana sun gano mai damuwa yakan samu sauƙi in yana da na kusa da zai faɗa wa. To, ga wani a Toranke. Ruwa ya cinye masa gero bana, sai ya daina fito da kwanonsa ciyayya, kada a ga abin da ake ci a gidansa. Ya zo wucewa, taubashinsa ya ce, "Bawana, matarka ta sa ka a kulle ne?" Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Jiya matar ta ce ba ya barci, har ya ce mata da mutuwa za ta zo da ya huta.

Gaskiya ni ba likita ba ne, allo kaɗai na yi. Ni ne taubashin, sunana Sabi'u. Tun muna yara tsokana ce kaɗai tsakaninmu. Don Allah baƙonku ya faɗa mini: in na shiga zaurensa, da wace magana zan fara?