Tsintsiya a Ƙarshen Layi

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa, Baba Alhaji Ɗalha, ranka shi daɗe, Sarkin Noma, Sarkin Fawa, wanda ba ya noman albasa amma ba a taro sai da shi, shugaban direbobi, sakataren ƙungiya, Malam Sanusi, gwanin jera kujeru, iyayenmu manoma da suka taso daga Gehuru da Aliero da Maiyama, iyayenmu mata da ke can baya inda aka saba ajiye su, da ɗalibaina da nake hango kawunansu ta taga: assalamu alaikum. Ina fata ban tsallake kowa ba, ban kuma sa ƙarami gaban babba ba. In na yi kuskure, Malam Sanusi yana nan, zai gyara mini jerin, tunda hannunsa ya faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zinatu, 'yar Maiyama ce ni, malamar kwamfuta. Ni ce wadda ƙungiyar nan ta ara wa ɗakin bayan ofishinta a unguwar Jega Firchin tun bara, nake koya wa ɗiyanku kwamfuta da yamma. Ina godiya da ɗakin. Ina godiya da aka ba ni damar magana, duk da an ba ni ita bayan kowa ya gama yanke hukunci a ransa. Abin da ke gaban taron nan, kamar yadda sakatare ya karanta, shi ne a karɓi makullin ɗakin, a fitar da kwamfutocin, a zuba albasa, domin wai yaran wasa kawai suke yi, kuma wasan ma ba ya aiki. Ga makullin a hannuna. Amma kafin a ɗaga hannu, ina da 'yan batutuwa.

Na farko, wasan. Gaskiya ne wasa ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Duniya ce a cikin kwamfuta da aka yi ta da tubali zalla, ƙasa tubali, ruwa tubali, itace tubali, ka rushe abin da ka ga dama, ka gina abin da ka ga dama. Wanda ya ƙirƙire shi bai taɓa taka Aliero ba, shi ya sa babu albasa a ciki, sai muka ari wata shuka mai jan kai muka ce ke ce albasa. A cikin wasan nan ɗiyanku suka koyi awo da lissafi, suka koyi rubuta wa na'ura umarni. Da ƙungiya ta ce za ta gyara fadamarta ta Gehuru, su ne suka auna filin, suka zana shi, suka ce za su nuna wa iyayensu yadda zai kasance kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya.

Na biyu, yadda ake ba da umarni da yawa a lokaci ɗaya, domin nan ne maganar take. Akwai wani tubali na musamman da ake rubuta umarni a cikinsa. Ka ce masa share fili, ya share. Ka ce yi fangali, ya yi. Idan kana son ayyuka da yawa su gudana tare, sai ka jera tubalan nan a layi, kan wannan yana kallon bayan wancan, ka sa maɓalli a jikin na farko. Kana dannawa, kafin ka ƙifta ido duk sun gama. Ido yana ganin tare suka yi, amma na'ura ɗaya bayan ɗaya take bi, na gaba ya gama ya miƙa wa na baya. Don haka muka jera su yadda kowane manomi a nan yake aikinsa: a share fili, a yi fangali, a haƙa hanyar ruwa, a sako ruwa, a dasa, a fitar da hanyar mota, sannan a ƙarshe a kafa rudu inda za a adana albasa.

To, don girmamawa, sai muka kafa allon suna a kan kowane tubali. Rudu, da yake shi ne babban gini, muka ba Baba Alhaji. Dashe na Sarkin Noma, hanyar mota ta shugaban direbobi. Sarkin Fawa muka ba shi ruwa, don kada ya tashi hannu rabbana. Shara kuwa babu wanda ya nema, an ce aikin mata ne, sai na karɓa. Tubalin tsintsiya shi ne nawa, kuma shi ne a farkon layi.

Na uku, abin da ya faru ranar nuni, ranar da aka gayyato baƙi har daga jami'a. Da safe Malam Sanusi ya shigo duba shiri. Ya tsaya gaban kwamfuta, ya karanta allunan, fuskarsa ta canza. Ya ce mini, "Malama, mi nika gani haka? Sunanki a gaba, sunan Alhaji a ƙurya?" Na ce, "Malam, ai shara ake fara yi." Ya ce, "A gidan ga ba a sa ƙarami gaban babba. Ko gaisuwa da shugaba aka farawa." Na yi masa bayanin da na yi muku yanzu, har na maimaita. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane sarai, sannan ya ce masu masa da zoɓo sun iso, in je in ga an raba daidai, tunda wannan ɓangarenmu ne mu mata.

Na tafi rabon masa. Shi kuma ya tara ɗiyanku ya ce su sake jeri bisa girma. Kun yi musu tarbiyya, jama'a, ina yaba muku: sun san kuskure ne, idanunsu sun cika da hawaye, amma ba su yi wa babba musu ba. Rudun Alhaji ya dawo gaba, Sarkin Noma na biye, sai Sarkin Fawa, haka har ƙasa. Mace, ƙarama, kuma baƙuwa daga Maiyama, ina kuke zaton za a ajiye ta? Tsintsiya ta koma ƙarshen layi.

Baƙi suka zauna, aka haska majigi a bango, aka yi addu'a, Baba Alhaji ya yi bismillah ya danna maɓalli. Na'ura, baiwar Allah, ta yi biyayya irin wadda ba a samu ko a gidan soja. Ta kafa rudu a tsakiyar daji. Ta dasa albasa a cikin ƙaya. Ta sako ruwa babu hanyar da zai bi. Ta yi komai da komai, ba ta tauye wa kowa girmansa ba, sannan ta iso kan tubalina ta share duka. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, don haka abin da baƙi suka gani shi ne daji ya ɓace, fili ya fito fetal kamar tafin hannu. Alhaji ya sake dannawa. Fetal. Ya danna da ƙarfi, ko ƙarfi ne ya yi kaɗan. Sai muryar Sarkin Fawa: "To, an dai share."

Wallahi na ji kunya ranar, kuma na ji haushi, har yau ban huce ba. Ɗalibar da ta auna filin nan da ƙafarta a Gehuru ta fita tana kuka, ta kasa cin masar da na raba.

Na huɗu, an ce na'ura ba ta aiki. Haba jama'a! A duk wanda ya halarci nunin nan, na'urar ce kaɗai ta yi abin da aka sa ta. An ce kuma ba ta da ladabi, ba ta san manya ba. Wannan kam gaskiya ne, ba ta san su ba. Ba ta san wanda ya je Makka ba, ba ta san mai tirela ba, layi kawai ta sani. Amma ina tambayar Sarkin Noma, da girmansa, a gaban jama'a: ka taɓa dasa albasa sannan ka sa a yi maka kaftu a kanta? Ina tambayar shugaban direbobi: ana ɗaure tampol kafin a yi lodi, don tampol ya fi buhu tsada? Baba Alhaji, ka fi ni sanin albasa tun ba a haife ni ba. Ka taɓa cika rudu sannan ka je neman iri? Babu ɗayanku da ke yin haka a gonarsa. Sai da aka rubuta sunaye a kan aikin, sannan kowa ya manta yadda ake noma.

Ni ban zo in rushe girman kowa ba. A jera kujeru bisa girma, a raba nama bisa girma, a yi gaisuwa bisa girma, ni ma yanzu kuka ji na yi, har numfashina ya kusa ƙarewa. Malam Sanusi ya ci gaba da aikinsa, Allah ya ƙara basira, babu wanda ya kai shi sanin wanda zai zauna kusa da fanka. Roƙona kawai a bar aiki ya bi layinsa, domin yaran nan ba su da wani wuri. In an rufe ɗakin nan, kwamfutar da za su ƙara taɓawa ita ce wayar yayyensu, in an ba su aro.

Na ƙarshe, ga kwamfuta a kan tebur gaban shugaba, ga majigi a kunne, ga fadamar Gehuru a bango da dajinta. Yaran sun mayar da tubalan yadda suke tun farko. Ba zan ɓoye ba, ranka shi daɗe, sunana ne a gaba, naka ne a ƙurya. Sai dai a wannan jerin, in an danna, aikina ba wanda zai gan shi, domin za a gina komai a kansa, rudunka kuwa shi zai tsaya a tsakiyar fili kowa yana kallo. Ga makullin ɗakin nan na ajiye shi kusa da maɓallin. Hannu ɗaya za ka miƙa, Baba Alhaji, ko ka danna wannan, ko ka ɗauki wancan.

In makullin ka ɗauka, ba zan yi gardama ba, ɗakinku ne. Shawara ɗaya kawai zan bar wa ƙungiya kyauta: a share ɗakin kafin a zuba albasar, kada a bari sai an zuba. Na san tsintsiya ce ƙarama a gidan, amma a daure a bar ta ta shiga gaba.

Allah ya yi wa yaran da ke bakin taga albarka, ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, ya ba su wurin zama su koya. Allah ya saka wa iyayenmu mata da ke baya. Allah ya ba manoma damina mai albarka da rani mai ruwa, ya tsare albasarmu daga ruɓa, ya kai direbobi gida lafiya. Allah ya ƙara wa Sarkin Fawa da Sarkin Noma lafiya. Allah ya ja zamanin shugabanmu, ya yi masa jagora a kan abin da hannunsa zai taɓa yanzu. Malam Sanusi, na ga kana motsi a kujera. Na sani, daga ƙasa na faro addu'ar. Ka bar ta haka, ta isa inda za ta.

Na gode.