Sunan da ya hana ni ƙarin girma

Mata ma'aikata, ku ji ni da kyau, kada kunyar dangi ta tsayar da ku wuri ɗaya. Mai gabatar da wannan shiri, barka da aiki.

Na daɗe ina awon masu ciki a asibitinmu na Gafasa. Bara ranar jarrabawar ƙarin girma ta zo daidai da sunan jikar yayar mijina a Balan. Gudun a yi da ni, sai na tafi suna. Ina tsaka da tuƙa tuwo yayar tasa ta leƙo ta ce, "Au, Maman Halima, ashe kin zo?"

Yarinyar da na koya wa awo ita ce shugabata yau.

Na tara 'ya'yana na kafa doka: ranar jarrabawa babu biki, babu suna. Washegari a je a yi barka.