Abin da Ya Tsiro a Kan Taki

A bencin jiran likita, wata dattijuwa ta dubi baƙar ledar da mutumin da ke kusa da ita ya riƙe.

"Malam, me ke wari haka?"

"Laimar kwaɗi ce. 'Yata ta tsinka a kan takin lambu ta gutsura, tun safe take amai. Nas ta ce sai likita ya ga irinta."

"Ina uwarta a lokacin?"

"Tana ɗaki tana danna waya."

Ya buɗe ledar, ta leƙa.

"Ina gindin?"

"Na yanke, na wanke. In kawo wa likita kashin kaji?"

"To da me zai gane ta? Fararen nan duk kamarsu ɗaya daga sama. Koma ka tono wata da saiwarta."

"Babu saura. Na kwashe takin na zubar."

"Lallai ba ka da hankali."

"Mama, kar ki zage ni. Na san abin nan tun ina yaro. Sai da na ba akuya, ta ci lafiya lau, sannan na sa a kasko."

"A kasko?"

Ya kau da kai. Ta matso kusa da shi.

"Nawa yarinyar ta ci?"

"Faranti guda."

"Ka ce wa nas gutsura ta yi?"

"Uwarta na tsaye a wurin."

"Tashi ka faɗa musu."

Ya ƙulle ledar, bai motsa ba. Dattijuwar ta miƙe da ƙyar, ta tsallake layi, ta buga ƙofar likita.