Layin da Direba Ya Tsallake

A ɗakin jira na asibitin gwamnati, a ƙasar da ba tasa ba, wani direban babbar mota yana zaune yana rawar sanyi, takardar da nas ta ba shi tana kan cinyarsa. Tsohuwar da ke gefensa ta ji ya yi nishi da Hausa.

"Sannu, ɗan nan. Zazzaɓi ne?"

"Kwana uku ke nan, Inna. Kaya na kawo, ciwo ya kama ni a hanya. Sun ce za su ba ni gado."

"Za su kula da kai, ba ruwansu da baƙo ko ɗan gari. Wannan layin da ka tsallake a takardar fa?"

"Sunan wanda za a kira ne in jiki ya yi tsanani. Ba ni da kowa a nan."

"A gida fa?"

"Mahaifiyata hawan jini gare ta. Jiya na ce mata lafiyata ƙalau."

"Don ka fi ta wayo? Ai ta ji a muryarka. Nawa ɗan ma haka ya ce min daga uwa duniya, wai mura ce. Na yi kamar na yarda." Ta gyara mayafinta. "Jakarsa kawai aka aiko min."

Direban ya sake duban layin da ya tsallake.

"Rubuta lambata. Wajen 'yata nake zaune, nan kusa. In sun tambaya, ka ce gwaggonka ce."

"Na gode, Inna."

"Riƙe godiyarka. Ciro waya ka kira mahaifiyarka, ina kallonka."