Dou Manshan, Wanda Ya Ƙi Rigar Sarauta

Dattijon gari Baba Geng, malamin haikali, shugabannin runduna, Inna Lian matar marigayi da ɗanta Shitou, jama'ar Liushu, sannunmu da wannan rashi.

Mun san Dou Manshan tun yana ɗaukar ƙasa a kwando tare da mu, shekarar da fada ta kwashe mu aikin dole a madatsar Kogin Rawaya. Hatsin da aka aiko dominmu, masu gadi suka sayar. Ranar da aka yi wa ƙaninsa bulala har ya cika, Manshan bai yi kuka ba. Ya ajiye kwando, ya ɗauki fartanya. Kafin rana ta faɗi duk muna bayansa, tawaye ya tashi.

Ya kasance in an fasa rumbun gwamna, shi ne na ƙarshen ɗiba. Ya kasance yana shan kunu a kwano ɗaya da masu yankan ciyawar dawaki. Da garuruwa suka fara buɗe mana ƙofa, wasunmu suka ɗinko masa rawayar riga irin ta sarakuna. Ya jujjuya ta, ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai ba ta maganin sanyi. Ku kai wa Lian ta yanka wa yara wanduna."

Bana sarauta ta rushe, duk mai takobi ya naɗa kansa. Pang, wanda muka sha yunwa tare, ya aiko a ba shi mazajenmu ya je ya ci babban birni. Lokacin shuka ne. Manshan ya sallame mu zuwa gonaki, ya tafi shi kaɗai ya ce masa a'a. A amalanke aka dawo mana da gawarsa.

Shitou, an ce tun da aka binne shi kake wasa takobi, samari kuma suna jiranka. Ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Amma ni na raka mahaifinka bakin gada ranar da zai tafi wurin Pang. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Yaya, ko me ya faru, a nome geron nan." Ga shi ya fito, ciyawa na neman cinye shi. Inna Lian, ki sa baki, ke yake jin maganarki.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka kawo turare da shinkafa cikin wannan ƙunci. Gobe gonar Manshan za mu fara nomewa.

Sama ta karɓe shi, kakanni su zaunar da shi cikinsu. Sama ta sa in mun isa gonar mu tarar da ɗansa ya riga mu.