Sun Ci Akuya a Kan Hannuna

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Na sha wuya. Ba zan yi wa maganar ado ba. Shekara uku ina shan wuya, kuma rabin wuyar ba mota ce ta ba ni ba, mutane ne. Fasto ya ce in rubuta in karanta muku, to ga shi na rubuta. In kun ji ina tuntuɓe ku yi haƙuri. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, alƙalamin ma tsakanin yatsu biyu nake maƙale shi.

Sunana Ishaya. Ni mutumin wajen Nok ne, manomin citta kamar ubana. Shekarar da gwamnati ta canza hannun mota daga hagu zuwa dama, na ɗaure busasshiyar citta a keke, ina turawa zuwa inda motocin Kafanchan suke tsayawa. Ina gefen da aka ce mu riƙa bi. A wata kwana sai ga gingimarin wani kamfani, shaƙe da siminti, ta ɓullo ta tsohon hannu. Direban ya manta an canza. Abin da na iya tunawa ke nan.

Na farka a asibiti a nan Kafanchan, ƙafata a rataye, hannun dama a naɗe kamar ƙullin gishiri. Likita ya ce babban yatsana ya dagargaje, tun ranar da aka kawo ni ya cire abin da ya rage. Matata Saratu tana zaune a ƙasa kusa da gado, ta yi kuka har murya ta tafi.

To ku ji abin da aka yi a gida ina kwance.

Kun san al'adarmu. In mutum ya yi maka ɓarna, ya zo da akuya ya durƙusa, babban gida ya karɓa, aka yanka aka ci tare, magana ta mutu. Wanda ya sake tono ta, shi ne mai laifi. Al'ada ce mai kyau tsakanin maƙwabta, in shanun wani sun shiga gonar wani. Amma kamfani ba maƙwabcinka ba ne. Su ma sun san al'adar, shi ya sa ba su ɓata lokaci ba.

Kwana uku da haɗarin suka aiko da akawunsu, wani mai taye da ake ce wa Mista Piyus. Ya je gidanmu da akuya, da buhun shinkafa, da ɗan abu a ambulan. Ya tarar da yayana Dogo, wanda shi ne babbanmu tun rasuwar baba. An ce mini Mista Piyus da addu'a ya buɗe zaman. Da addu'a! Ya yi wa'azi a kan gafara, dattawa suna ta cewa amin. Da aka ci aka ƙoshi, ya fito da takarda da tawada, ya ce a ɗan dangwala don manaja ya san saƙo ya iso. Yaya Dogo ya dangwala.

Ranar Lahadi ya zo duba ni, fuskarsa a sake.

Ya ce, "Ishaya, mun gama maganar."

Na ce, "Wace magana, Yaya?"

"Mutanen mota sun zo. Sun zo da ladabi, ba su raina mu ba. Mun yafe."

"Ku kuka yafe? Hannun wa aka yanke?"

Ya ce, "Kai, rage murya, mutane na ji. Ni ne babba. In na sa hannu, gida ne ya sa."

Sai ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya ajiye mini a kan gado. Soyayyen nama ne a cikin takarda, mai ya jiƙa ta. Wai rabona na akuyar. 'Yan'uwa, har yau in na ji ƙanshin soyayyen naman akuya, tashi nake yi in bar wurin. Tir!

Wata huɗu na yi a asibiti. Na koma gida ina ɗingishi, hannu kuma ba ya riƙe komai. Ku gwada riƙe fartanya ba da babban yatsa ba, ku gani. Citta ba ta son wasa: a yi huɗa, a rufe da ciyawa, a yi noma, a tone, a tsaga, a shanya. Duk aikin hannu ne. Damina ta farko gonata ta zama daji. Saratu ta shiga ƙodago a gonakin mutane don mu ci.

Na lallaɓa har ofishin kamfanin sau ɗaya. Suka bar ni a benci daga safe har rana ta karkata, sannan wani ya ɗago mini takarda ta taga ya ce, "Ba kai ka sa hannu ba? An sallame ka. Jeka." Turanci ne, ban san abin da ke ciki ba. Na dawo na faɗa wa wani dattijon ikkilisiyarmu ta gida. Ya gyara zama ya ce mai bi ba ya kai ƙara, in bar wa Allah. Shi ma yana cikin waɗanda suka ci naman.

Ba zan ɓoye nawa ba. Na daina zuwa sujada. Na koma gidan burkutu, tun hantsi ina can. Abin da Saratu ta samo da gumi, ni nake sacewa in kai. Na zage ta a gaban 'ya'yanmu. Na ɗinka wa kaina riga mai dogon hannu don kada a ga dungun, in za a gaisa sai in miƙa hagu kamar marar tarbiyya. Ina ƙyamar mutanen gidanmu, ina ƙyamar kamfani, amma wanda na fi ƙyama shi ne wanda nake gani a cikin ƙwaryar burkutu.

Da damina ta biyu ta matso, Yaya Dogo ya aiko a faɗa mini. Gonar baba ba za ta sake kwana ba noma ba. In ban iya ba bana, zai karɓa ya ba 'ya'yansa. Haka ake yi a wurinmu, ban ce ya ƙirƙiro ba. Amma in gonar nan ta tafi, ni da Saratu da yara ba mu da komai a duniya.

Sai na ɗauki fartanya na tafi gonar ni kaɗai, da tsakar rana. Na ɗaure ƙotar a hannuna da tsumma. Sara na farko, ta zame. Na biyu, ta tashi sama ta faɗo mini a ƙafar da ta karye. Na zube a cikin ciyawa ina kuka kamar jariri, ni da furfurata.

A nan na yi addu'a, in ma addu'a ce. Na ce, "Ya Ubangiji, ban iya doguwar magana ba, kuma bakina warin giya yake. Kai ka ga hannun nan. Ni na gaji da ganinsa. In yana da sauran amfani, ka nuna mini. In babu, ka ɗauke ni in huta." Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da na tashi, ƙafata ba ta nufi gidan burkutu ba. Gida ta kai ni. Na roƙi Saratu gafara. Sai ta ɗebo mini ruwa.

Ranar kasuwa ta raka ni Kafanchan, muka biya rumfar Malam Garba, mai sayen citta. Shi Musulmi ne, tun zamanin babansa suke saye a hannun gidanmu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ishaya, kai ne ka zama haka? Shekara biyu ban ga cittarka ba, na ɗauka ka samu wani mai saye ka guje ni."

Na ba shi labari. Ya yi tsaki. Ya ce, "Akuya? Kai da mutanenka akwai abin haushi. Duk babbar motar da ka gani a hanya tana da inshora. Kuɗi ne aka tanada don irin wannan rana. An saye ku da akuya ne don kada ku tambaya." Ya ce akwai wani lauya a Jos da ya taɓa tsaya wa wani mai dakonsa da tirela ta take. Ya rubuta mini kwatance a bayan kwalin sigari, ya ce kada in je sai da takardar da aka dangwala.

Kwafin takardar yana wurin Yaya Dogo, a cikin gwangwanin da yake ajiye rasidin haraji. Saratu ce ta san yadda ta yi da matarsa har ta fito da shi. Ban tambaya ba.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Jos. Lauyan ba babba ba ne, a haife na haife shi, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman wani shago. Na zauna, hannuna a cikin riga. Na fara da cewa ni mai bi ne, an ce mini kai ƙara zunubi ne.

Ya ce, "Baba, ka yafe wa direban?"

Na ce, "Ina ƙoƙari."

"To ci gaba da ƙoƙari, wannan tsakaninka da Allah ne. Ni ba ramuwa zan nema maka ba. Haƙƙinka ne doka ta ajiye, wasu suka zauna a kai. Kawo takardar."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce ba rasidin saƙo ba ne. An rubuta cewa ni Ishaya na karɓi cikakkiyar diyya, ba zan sake neman komai ba har abada. Na miƙe zan tafi.

Ya ce, "Zauna, Baba. A nan ƙasa an rubuta, babban yatsan dama na Ishaya. Kai ka dangwala?"

Na ce, "Yayana ne. Shi ne babba."

"A gidanku shi ne babba. A takarda ba shi da hannunka. Fito da hannun in gani."

Ban so ba. Shekara biyu ban nuna wa baƙo ba. Na zaro shi a hankali na ɗora a kan tebur. Ya dubi dungun, ya dubi takardar, ya tambayi ranar da aka yanke. Na ce ranar haɗarin. Ya jingina da kujera ya ce, "Wato kwana uku bayan likita ya jefar da yatsanka, yatsan ya taso daga Kafanchan ya je Nok ya dangwala takarda."

Haleluya! 'Yan'uwa, a nan na tuna addu'ar da na yi a gona.

Kada ku ɗauka an gama a ranar. Lauya ya karɓo shaidar likita, ya rubuta musu wasiƙa, suka yi banza da shi. Ya sake, suka ce manaja ya yi tafiya. Na yi ta hawa jirgi ina sauka har masu duba tikiti suka san ni. Damina ta zo, Saratu da matan zumuntar ikkilisiya suka noma mini kashi ɗaya na gonar don kada Yaya ya ce ta kwana. Allah ya saka musu. Sai da sammacin kotu ya isa kamfanin sannan suka san da mutum.

Suka zo ofishin lauya, mutumin inshora da Mista Piyus da tayensa. Mista Piyus ya rantse wai a gabansa na dangwala. Lauya ya tura mini tawada ya ce, "Baba, dangwala musu da dama." Na ɗaga hannun kawai. Mista Piyus ya ce to wataƙila da hagu na yi, ya manta. Na dangwala hagu. Aka jera shi da na takardar. Na takardarsu yana da tabo a tsakiya, inda lauje ya taɓa yanke Yaya Dogo muna yara. Nawa ba shi da shi. Mutumin inshora ya dubi Mista Piyus irin kallon da ake yi wa abin da kare ya bari a ƙofa. Ya ce da lauya su yi magana, ba sai an shiga gaban alƙali ba.

Na ce da lauya ina so a ɗaure Yaya Dogo. Ya ce, "Baba, gona ka zo ceta ko yayanka ka zo ɗaurewa? Mutumin bai san abin da ya dangwala ba." Gaskiya ya faɗa, ko da yake ba ta yi mini daɗi ba.

An biya ni. Ba zan faɗi nawa ba, kada ku fara gaishe ni da yawa. Bai dawo da yatsa ba, ƙafar ma har yanzu tana faɗa mini in ruwa zai zo. Amma lauya ya ɗauki nasa, ni kuma na samu abin sa 'yan ƙodago. Gonar baba tana hannuna. Giya kuwa, tun ranar nan ta gona ba ta sake shiga bakina ba.

Na gode wa Yesu. Na gode masa da bai ji ƙyamata ba a lokacin da ni kaina nake ƙyamar kaina. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da addu'arku ba ta da kyan ji. Kuma ina roƙonku, in mota ta buge wani naku, ku yafe in za ku yafe, amma kada kowa ya dangwala takardar da ba a karanta masa ba, kada kuma wani ya dangwala a madadin wani. Ku nemi wanda ya san doka tukuna. Akuyar za ta iya jira.

Ranar da aka biya ni, da yamma na iso gida. Washegari da safe na ce Saratu ta ba ni riga mai gajeren hannu. Na taka har ƙofar Yaya Dogo, na tarar da shi yana wasa lauje. Shekara uku ba mu gaisa ba. Na ce, "Yaya, ina kwana," na miƙa masa hannun dama. Ya daɗe yana kallonsa. Ban janye ba, sai da ya ajiye laujen ya kama.